Kada Mu Yi Cinikin Biri a Sama: Sayen Gida, Sayarwa da Jingina

Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata a Kafin Hausa

 

Kwamitin taro ya roƙe mu mu yi magana a kan sayen gida da fili, domin tambayoyi sun yi yawa a ofisoshin fastoci, kuma yawancinsu sai bayan an riga an biya kuɗi ake kawo su. Mu ba lauyoyi ba ne, aikin kiwon tumaki aka koya mana. Amma makiyayi ne ake fara bugawa ƙofa sa'ad da aka fitar wa gwauruwa da kayanta waje, don haka ya zama mana dole mu san abin da doka ta ce.

Akwai wani tunani da ya zauna a zukatan mutanenmu, cewa neman takarda a hannun ɗan'uwa rashin amincewa ne, ko ma rashin bangaskiya. Ku buɗe Irmiya sura 32 in kun koma gida. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare, sai Hanamel ɗan baffansa ya zo ya sayar masa da gona a Anatot. Ubangiji ne da kansa ya ce ya saya, mai sayarwar kuma jininsa ne. Duk da haka Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa a kan ma'auni, ya rubuta takarda, ya kira shaidu suka sa hannu, aka yi kwafi biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya sa a tukunyar ƙasa don su daɗe. Haka kuma a Farawa 23, da Efron ya yi wa Ibrahim tayin kogon Makfela kyauta, Ibrahim baƙo ne a ƙasar, ya ƙi karɓa, ya biya shekel 400 a gaban mutanen gari. Baƙo ya san cewa kyautar da uba ya yi da baki, ɗa yana iya musunta. In annabi da uban masu bangaskiya sun yi haka, ba mu ga dalilin da zai sa dattijon ikkilisiya ya ji kunyar cewa a rubuta ba.

To, mene ne mutum yake saya in ya sayi gida a Nijeriya? Tun ran 29 ga Maris 1978, da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, dukan ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Watau abin da kake saya shi ne ginin da kuma izinin zama a kan ƙasar. Izinin nan iri biyu ne. Na cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ke bayarwa, shi ne ake ba da takardar shaidar mallaka a kansa, wadda ma'aikata ke kira C of O, yawanci na shekara 99. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke bayarwa. Gwamna ne ke ayyana inda birni ya tsaya, kuma a jihohi da yawa hedkwatar ƙaramar hukuma tana ciki, saboda haka mai sayen fili a gefen Kafin Hausa ya fara tambaya a ofishin ƙasa ko filin na wane ɓangare ne. Wanda ya gāji gida ko gona tun kafin 1978 kada hankalinsa ya tashi, gama dokar ta ɗauke shi kamar wanda aka riga aka ba izini, ko da ba shi da takarda. Sai dai banki ba ya karɓar tarihin kakanni a matsayin jingina.

Ga inda mutanenmu suka fi faɗuwa. Dokar ta ce mai wannan izini ba zai sayar da shi, ko ya jinginar, ba tare da yardar gwamna ba in na birni ne, ko yardar ƙaramar hukuma in na karkara ne, kuma cinikin da aka yi ba da wannan yarda ba, ba shi da ƙarfi a idon doka. Mu kuwa yadda muka saba, a tara dillali da mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta a takardar makaranta, a biya la'ada, a yi addu'a, a watse. Kada wani ya ji mu ya ce mun rena takardar mai unguwa ko ta dagaci. Tana da amfani ƙwarai, domin su ne suka san tarihin kowane kango, sun san wanda ya gāda da wanda aka ba aro, kuma shaidarsu tana da nauyi a gaban alƙali. Amma mafarin tafiya ce. Bayanta akwai takardar sayarwa da lauya zai rubuta, da taswirar da safiyo zai zana ya kafa turakun iyaka, da neman yardar hukuma, da biyan kuɗin hatimi, da rajista a Ma'aikatar Ƙasa a Dutse. Akwai ɗawainiya da kashe kuɗi, gaskiya ne, har wani lokaci a yi watanni ana kai da kawowa. Amma in mugun mutum ya sayar wa mutum biyu gida ɗaya, wanda ya riga yin rajista shi ne yakan fi ƙarfi, ko da kai ka riga shi biya.

Wani zai ce, ai mai gidan ya nuna mini C of O ɗinsa. Madalla, amma kada ka tsaya nan. Ɗauki lambar takardar, ka sa lauya ya bincika fayil ɗin a ma'aikata: sunan wa ke ciki yau, an jinginar wa banki ne, ana bin harajin ƙasa na shekaru, akwai shari'a a kai? Kotun Ƙoli ta yanke tun 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, cewa wannan takarda ba ta mai da mutum mai gida in tun asali wani ya fi shi haƙƙi a kan filin. In tushen ruɓaɓɓe ne, hatimin gwamna ba ya gyara shi.

Bari mu daɗe kaɗan a kan gidan gado, domin yawancin gidajen da ake sayarwa a garuruwanmu irinsa ne. Maƙwabtanmu Musulmi suna raba gado bisa shari'arsu, kuma kowane magaji yana da rabonsa sananne, mata da 'ya'ya mata duka, har da ɗan da ya tafi Legas shekara ashirin bai dawo ba. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba. Akwai kuma abin da malamansu ke kira shufa'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓe rabon. Ka ga ke nan kana iya biya, ka yi gyara, ka sa rufi sabo, sa'an nan a miƙo maka kuɗinka na farko. Don haka in an ce gidan gado ne, tambayi takardar rabon gado ta kotu, ko kuwa dukan magada su zauna su sa hannu, wanda ba ya nan ya aiko da wakilci a rubuce. In cikinsu akwai marayu ƙanana, kada ka taɓa sai da izinin kotu. Wannan ba batun tsoron shari'a kaɗai ba ne. Kada a ce Kirista ne ya zauna a kan rabon maraya.

Akwai kuma filayen awon igiya. Tun da aka kafa jami'ar jiha a nan Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, da kuma Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, gonakin bakin gari sun zama fegi-fegi, mai gona da dillali su ja igiya su yanka yadda suka ga dama. Suna da araha, shi ya sa malaman makaranta da ƙananan ma'aikatanmu ke rububinsu. Amma ba su cikin tsarin hukumar raya birane, kuma ran da aka zo fitar da hanya ko magudanar ruwa, tana iya bi ta tsakiyar ɗakinka. Doka ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya yi gini ba izini, ko wannan ma sai ya yi ta roƙo.

Abu ɗaya kuma da ba lauya ne zai faɗa muku ba: kada ku sayi fili da rani ba ku gan shi da damina ba. Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Kafin Hausa da ƙauyukanta a daminar 2022 ya san abin da muke nufi. Je ka a watan Agusta, ka dubi gindin katangar maƙwabta, ka tambayi tsofaffin matan unguwar inda ruwa ke kwanciya.

Game da biyan kuɗi, a biya ta banki, daga asusunka zuwa asusun mai gidan, ba na dillali ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, yaushe za a cika, kuma me zai faru in ɗayanku ya fasa. In mai sayarwa bai iya karatu ba, doka ta bukaci a karanta masa takardar da harshen da yake ji kafin ya dangwala, wanda ya rubuta kuma ya sa sunansa da adireshinsa. In ba a yi haka ba, gobe 'ya'yansa za su ce an yaudari tsoho.

Yanzu mu zo kan bashi da jingina. Jinginar gargajiya mun san ta: ka ba mutum gida ko gona ya riƙe, ya ba ka kuɗi, ran da ka biya ka karɓi abinka. Doka ta yarda cewa jingina ba ta zama sayarwa komai daɗewa. Amma wa zai shaida cewa jingina ce in waɗanda suka yi ta sun mutu? A kotunan da ke bin shari'ar Musulunci akwai hukuncin hauzi, watau wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana gari yana gani bai yi magana ba, ba kuwa dangi ba ne, to da'awar mai shi takan faɗi, sai in ya tabbatar cewa aro ne ko haya ko jingina. Layi uku a takarda da shaidu biyu sun isa su tabbatar da haka. Wannan ya shafi masu barin gida a hannun aboki in an yi musu canjin wurin aiki.

Bashin banki kuwa, hanyar da ta fi sauƙi ga ma'aikaci ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi kowane wata. Tun 2023 an bar wa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu zaɓi su shiga ko su bari. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana iya neman rance ta hannun wani bankin gidaje mai lasisi, ruwan kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana iya biya har shekara 30 gwargwadon shekarun da suka rage wa mutum a aiki, kuma abin da za a riƙa cirewa kada ya wuce sulusin abin da yake samu. Da yawa cikinku an yi shekaru ana yanke muku wannan kuɗi ba ku taɓa tambaya ba. Ku nemi lambarku, ku duba ko ana zuba kuɗin da gaske, gama wanda bai ci rance ba ana mayar masa da zubinsa in ya yi ritaya.

Ku saurari wannan lissafi. Rancen naira miliyan 5 na shekara 20 a kan kashi 6, biyan wata kusan naira 36,000 ne, jimla kimanin miliyan 8.6. Rancen nan dai a kan kashi 25, biyan wata ya kusa naira 105,000, jimla ta haura miliyan 25. Kada ku ce mun yi ƙari, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5, bankunan kasuwa kuwa sama da shi suke ɗorawa. A shekarar 2024 ne aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Ra'ayinmu a fili yake: ƙaramin ma'aikaci kada ya gina gidan kwana da bashin bankin kasuwa. Gara ka bi hanyar iyayenmu, bulo ɗari bana, kwano baɗi, ka shiga ɗaki biyu ka ci gaba a hankali. Akwai kuma bankunan da ba sa ɗora ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ƙofarsu a buɗe take ga Kirista da Musulmi, amma su ma suna da ribarsu a cikin farashi, sai ka tambayi jimlar abin da za ka biya.

Duk wanda ya jinginar wa banki gida ya sani cewa in ya kasa biya, bankin yana da ikon sayar da gidan bayan ya ba shi sanarwa. Haka ma wanda ya ba da takardar gidansa don wani ya ci bashi, ko da ɗan ikkilisiya ɗaya ne. Akwai sanannen hukunci na 1989, tsakanin Bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, inda Kotun Ƙoli ta soke jingina don ba a nemi yardar gwamna ba, bankin ya kasa sayar da gidan. Mun ji wasu suna ba da labarin kamar wata dabara ce ta kuɓuta. Daga baya kotuna sun nuna ba sa son mutum ya ci kuɗi sa'an nan ya fake da laifin da shi ne ya kamata ya gyara. Ko da ma ƙofar a buɗe take, ba ta mai bi ba ce. Ka ci bashi, ka biya.

Mai sayarwa ma yana da nasa. In gidan yana shan ruwa, faɗa. In akwai bashi a kai ko gardamar iyaka, faɗa. In akwai 'yan haya, a ba su sanarwa bisa ƙa'ida, kada a bar mai saye da faɗan. Ka shawarci matarka kafin ka kira dillali, gama gidan da kuka gina da kuɗin ƙosanta da adashinta ba naka kaɗai ba ne a gaban Allah, ko da sunanka kaɗai ke takarda. In da hali ma, a sa sunan miji da mata duka biyu tun ranar saye.

Wannan ya kawo mu kan namu gadon. Yadda za a raba dukiyar Kirista da ya mutu bai bar wasiyya ba ya dangana ga irin aurensa. Wanda ya yi auren rajista bisa Dokar Aure, matarsa da 'ya'yansa suna da kariya mai ƙarfi. Wanda ya yi na gargajiya aka sa masa albarka kawai a majami'a, al'adar kabilarsa ce takan yi aiki, kuma mun san abin da wasu al'adu ke yi wa gwauraye. Kotun Ƙoli a 2014, a shari'ar Ukeje da ta Anekwe, ta soke al'adun da ke hana 'ya mace gādon mahaifinta da masu korar gwauruwa daga gidan mijinta, amma wace gwauruwa ce a cikinmu ke da ƙarfin kai ƙara har Abuja? Rubuta wasiyya ba kiran mutuwa ba ne. Lauya ya rubuta, shaidu biyu da ba su da rabo a ciki su sa hannu, a ajiye a Babbar Kotu.

'Yan'uwanmu Masihiyawa da iyayensu Musulmi ne, ku san matsayinku tun da wuri don kada ku zargi kowa. A shari'ar Musulunci bambancin addini yana hana gado. Amma uba yana da ikon yi wa ɗansa kyautar gida yana da rai da lafiya, muddin ɗan ya karɓa ya shiga hannunsa, yana kuma iya yin wasiyyar abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba. Akwai iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu da za su yi haka da farin ciki. In mahaifinka ya ce ɗakin nan naka ne, roƙe shi cikin ladabi ya faɗa a gaban 'yan'uwanka da mai unguwa, a rubuta.

Wasu sun tambaya ko za a iya hana mutum sayen gida saboda addininsa. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar gida a ko'ina a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana hukuma nuna bambanci saboda addini ko kabila. Mai gida dai yana da ikon sayar wa wanda ya ga dama, ba a yi masa dole. In gardama ta tashi a kan filin da gwamna ya ba da izininsa, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumi, kuma tun hukuncin Adisa da Oyinwola na shekarar 2000 an tabbatar cewa tana iya sauraron ta filin karkara ma.

Sauran magana ta dattawa ce. Kowace takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa: gidan zama, ko kasuwanci, ko wurin ibada. A watan Janairu 2017 an rushe gine-ginen ikkilisiyu biyu a Dutse, hukuma ta ce ba su da izinin gini, shugabannin Kirista kuma suka yi kuka cewa samun izinin ne ke da wuya. Kukan nan muna ci gaba da kai shi inda ya kamata, ta hannun shugabanninmu. Amma kada mu miƙa wa kowa sanda da hannunmu. In fili na gidan zama ne, a nemi canjin manufa a rubuce, a karɓi shaidar cewa an karɓi takardar, a ajiye kwafi, a sake rubutawa in an yi shiru. Kada kuma a sayi filin ikkilisiya ko gidan fasto da sunan fasto ko na ma'aji, komai amincinsa, gama ran da ya mutu filin ya shiga cikin gadonsa. A sa sunan amintattun ɗarikar da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni.

Muna roƙon kowane sakataren ikkilisiya, kafin taro mai zuwa, ya tattaro takardun filin majami'a, da na gidan fasto, da na maƙabarta in akwai, ya duba sunan da ke kansu. A yi kwafi uku: ɗaya a ofishin ikkilisiya, ɗaya a hedkwatar gunduma, na asali kuma a akwatin ƙarfe inda gara da ruwa ba za su kai ba, a ɗauki hotonsu a waya kuma. Masu tambaya a kan nasu gidaje su zo da takardunsu bayan cin abinci, za mu zauna da su ɗaya ɗaya, wanda al'amarinsa ya fi ƙarfinmu mu haɗa shi da lauya.